Sunan kwamfuta da DNS suna gogewa duk sanda aka sake kunna ta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina kula da kwamfuta mai Ubuntu a wata cibiyar koyon kwamfuta da ke Ƙofar Ƙaura, Katsina. Na sauya mata suna da umarnin hostname, na rubuta adireshin DNS (uwar garken da ke fassara sunan shafi zuwa adireshinsa na lambobi) a fayil ɗin /etc/resolv.conf, amma da an ɗauke wuta ta sake tashi sai komai ya koma gidan jiya, ɗalibai su rasa intanet. Wani mai gyara ya ce in kulle fayil ɗin da chattr +i. Ko in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Hankalinka ya kwanta Malam, kwamfutarka lafiyarta ƙalau, amma kada ka taɓa wannan kulle.

Maganar suna mai sauƙi ce. Umarnin hostname yana sauya sunan ne na zaman da ake ciki kawai, idan ta tashi kuwa daga /etc/hostname take karantawa. Ka yi amfani da hostnamectl set-hostname, sannan ka gyara layin 127.0.1.1 a /etc/hosts, in ba haka ba sudo, umarnin da ke ba ka cikakken iko, zai yi ta ƙorafin bai gane sunan ba. Idan akwai cloud-init, manhajar da ke saita kwamfuta yayin tashi, ka mayar da preserve_hostname zuwa true a /etc/cloud/cloud.cfg.

Shawarar mai gyaran nan ita ce take ci mini tuwo a ƙwarya, domin kusan kullum sai na ci karo da ɓarnarta. A Ubuntu 18.04 da waɗanda suka biyo baya, /etc/resolv.conf manuni (symlink) ne kawai zuwa wani fayil da systemd-resolved, manhajar da ke kula da DNS, ke rubutawa a ƙarƙashin /run, shi kuwa /run a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake zaune, wuta na ɗaukewa ya tafi. Adireshin 127.0.0.53 da kake gani a ciki daidai yake. Da yake chattr ba ya kama manuni, sai waɗannan masu gyaran su share shi, su ƙirƙiri fayil da hannu su garƙame, su karɓi kuɗinsu su yi gaba. Ranar da ka sauya kamfanin intanet ko ka kunna VPN (haɗin sirri ta intanet), babu manhajar da za ta iya rubuta sabon adireshi, kai mai cikakken iko ma sai kullen ya hana ka, ga shi ba ya bayyana a ls, umarnin jera fayiloli, sai ka nemo shi da lsattr. Na taɓa tarar da wata makaranta a Daura an sayi sabon kebul, an sauya na'urar rarraba intanet, ana ta zargin kamfani, alhali harafin i guda ɗaya na chattr +i ne wani ya bari ya tafi. Abin yana ɓata mini rai ƙwarai, don kuɗin iyayen yara ne suka salwanta.

Ka rubuta adireshin a inda ake ɗebo shi: fayil ɗin da ke cikin /etc/netplan, ƙarƙashin nameservers, ka kula da tazarar layuka domin YAML, tsarin rubutun fayil ɗin, ba ya yafiya. Sai ka gwada da netplan try, wanda ke mayar da tsohon saiti bayan daƙiƙa 120 idan ba ka amince ba. Idan manhajar NetworkManager ce ke riƙe da haɗin intanet ɗin, umarnin nmcli za ka yi amfani da shi ka saita ipv4.dns, ka sa ipv4.ignore-auto-dns ya zama yes. Daga nan ka sake kunna ta da hannunka tun kafin ɗalibai su iso, ka duba hostnamectl da resolvectl status.