Kafin Ka Kai Kuɗinka Wurin Mai Sifika

Wasiƙun wannan makon kusan duk daga masu ƙananan situdiyo na cikin gida suka fito, don haka na haɗa su wuri ɗaya.

Tambaya: Malam, muna da manyan sifiku biyu da muke kaiwa gidan biki. Ba za su yi mini aikin haɗa waƙa ba? Daga wani matashi a Gusau.

Amsa: Ba za su yi ba. Sifikar biki an ƙera ta ne ta cika fili da ƙara, ta kumbura bes, wato sauti mai kauri, don mutane su taka. Ita kuwa monita, wato sifikar situdiyo, aikinta ta faɗa maka gaskiyar abin da ka ɗauka, ko da ba daɗi. Ka haɗa waƙa da na biki, ka sa ta a waya ka ji ta fito kamar an yi mata yunwa. Bar su a wurin sana'arsu.

Tambaya: Ina ɗaukar murya ta tallan rediyo a ɗakina, mita 3 da rabi ne tsawonsa. Shekara guda ina tara kuɗi, kuma tsoro nake kada in yi asara. Wasu sun ce in sayi Yamaha HS8, wai ƙaramar ba ta aiki. Daga wata baiwar Allah a Kaduna.

Amsa: Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Wanda ya tambaya kafin ya biya ya riga ya tsallake rabin asarar. Masu tura ki ga HS8 ba su shiga ɗakinki ba. Sifika mai inci 8 kamar HS8 a ɗaki irin wannan, da bangon siminti da tayil, bes ɗinta zai yi ta kai-kawo tsakanin bango da bango har ki kasa rarrabe abin da ke cikin aikinki da abin da ɗakin ya ƙara. Mai inci 5 ta ishe ki: Yamaha HS5, ko JBL 305P, ko KRK Rokit 5, ko PreSonus Eris E5, duk wadda kika samu ta gaskiya. Ki lura da abu ɗaya. HS5 da JBL ɗin ƙofar iskarsu a baya take, ba sa son a manna su da bango. Idan teburinki dole ya jingina da bango, KRK da Eris ɗin tasu a gaba take, sun fi sauƙin zama.

Kada ki zuba duka kuɗin a kan sifika. Ki ware wani kaso na gyaran ɗaki da sitabilaiza. In kin kawo su gida, tazarar da ke tsakanin sifikun biyu ta zama daidai da tazarar kowacce zuwa kanki, ƙaramin bakin da ke sama ya yi saiti da kunnenki, ki ɗan karkato su su fuskance ki. Ki zauna kina kallon gajeren bango, ba a kusurwa ba, ba kuma a tsakiyar ɗaki cif ba. Wannan ko sisi ba ya ci.

Tambaya: Na tara kiret ɗin ƙwai sama da ɗari don gyara sautin ɗakina, yaya zan jera su a bango? Daga Jos.

Amsa: Mayar wa masu kaji abinsu. Na gaji da wannan tambaya. Sauti mai kauri na wajen haz 100 (haz shi ne ma'aunin kauri ko kaifin sauti), tsawon zangonsa ya kai mita 3 da ɗoriya. Me kwali mai kaurin farce zai yi masa? Siririn soso ma kaifin sauti kawai yake sha, ya bar maka ɗaki a dushe, bes kuma yana nan yana ruri. Ga haɗarin gobara. A shekarar 2003 mutum 100 suka mutu a wani gidan rawa a jihar Rhode Island ta Amurka, bayan wuta ta kama soson da aka lulluɓe bango da shi. Kai kuma ga janareta a bakin ƙofa, ga wayoyi an yi musu ɗaurin goro.

Abin da ke aiki shi ne kauri. Sa kafinta ya yi maka firam na katako mai zurfin santimita 10, a cika shi da audugar gini irin ta rockwool, a rufe da yadin da in ka hura iska za ta wuce. Sa safar hannu da takunkumi, abin yana da ƙaiƙayi. Wurin ratayawa kuwa, zauna a kujerarka, wani ya riƙa matsar da madubi a jikin bangon gefe. Duk inda ka hango sifika a madubin, nan ne. Saura a kusurwoyi, can bes ke taruwa. Kafet a ƙasa, labule mai nauyi a taga.

Tambaya: Wani ya yi mini tayin Yamaha sabuwa a kwali, rabin kuɗin da ake sayarwa a shago. Ya ce kayan kwastan ne. In karɓa? Daga Sabon Gari, Kano.

Amsa: Ɗan'uwa, kai da ke zaune a bakin kasuwa kake wannan tambaya? Kayan nan da dala ake shigo da su, kuma ka san inda dala take. Wane ɗan kasuwa ne zai yi asarar rabin jarinsa saboda ya ga fuskarka? Araha ba ta ado, balle a kayan sauti, inda jabu ya yi katutu. Makirfon Shure SM58 da hedifon Sony MDR-7506 suna cikin abubuwan da aka fi kwaikwaya, har kwali da takardar ciki. Abin da ke ba ni haushi, yaranmu ba kunne suke saya wa ba, ido suke saya wa. Ana son a ɗauki hoto farin bakin Yamaha ko ruwan ɗorawar KRK ya fito a baya, a sa a Instagram. Mai jabu ya san haka, shi ya sa fenti yake gyarawa, cikin kuwa ko oho.

Ɗan kwatano na gaskiya ya fi sabon jabu sau goma, amma shi ma da nasa tarkon. Kwanaki wani yaro ya kawo mini guda biyu da yayansa ya aiko masa daga Amurka, yana ta washe baki. Kafin in juya bayansu ya riga ya soka ɗaya a soket. Ƙara ɗaya muka ji, fat, sai warin ƙonannen roba. A jikin ƙarfen bayan an rubuta 120V ɓaro-ɓaro, wutarmu kuwa 230 ce. Wasu monitocin suna karɓar daga 100 zuwa 240, wasu ba sa karɓa. Karanta kafin ka jona.

In dai za ka saya, sabuwa ko ta hannu, tafi da waƙar da kunnenka ya haddace. A kunna maka kowace sifika ita kaɗai, sannan tare. In ɗaya ta fi ɗaya ƙarfi ko haske, an taɓa ta. Kashe waƙar ka kara kunne, ka ji ko tana huci. Duba kusoshin baya ko sukundireba ta ci kansu. Lambar da ke jikin kwali ta dace da ta jikin sifika. A rubuta maka rasit da lambar a ciki da sharaɗin mayarwa. Wanda ya ce babu wuta a shago, ka gwada a gida, yi masa sallama. In kuɗin bai kai na gaskiya ba, sayi hedifon mai kyau irin Audio-Technica M40x daga amintaccen dila, ka ci gaba da tari.

Tambaya: Maƙwabta na ƙorafin ƙara da daddare. Allunan bango za su hana ta fita? Daga Maraɗi.

Amsa: A'a. Allunan suna gyara sautin cikin ɗaki ne, hana shi fita aikin bango mai nauyi ne da toshe kafofin ƙofa da taga, kuma kuɗinsa ba na wasa ba ne. Rage ƙarar zuwa inda za ka iya magana da na kusa da kai ba tare da ɗaga murya ba, haɗin ma ya fi fita daidai a haka. Bayan isha'i kuma ka koma hedifon.