Za mu zaga Alƙahira da yara da tsofaffi, in ba yaran maganin barci?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. A hutun watan Agusta za mu je Masar, ƙanin maigidana ya kammala karatu a Azhar. Za mu tafi da surukaina: Baba yana da ciwon suga, Hajiya kuma hawan jini da ciwon gwiwa. Ga yarana biyu, babbar shekararta 4, ƙaramin shekara ɗaya da wata 8. An ware mana yini guda na zaga gari, za mu je dalar Fir'auna ta Giza, da masallacin Azhar, da kasuwar Khan Halili. Abin da ke hana ni barci shi ne ƙaramin. Rigimamme ne, in ya fara tsala kuka a gaban surukaina sai in rasa inda zan sa kaina don kunya. Maƙwabciyata ta ce in sayi Phenergan ko Piriton a kemis in ba su da safe, za su yi ta barci har mu dawo, wai haka kowa yake yi. Cokali nawa ya kamata in ba su?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Ko rabin cokali kada ki ba su. Kuma gara da kika tambaya kafin ki sayo, domin yawancin iyaye mata sai bayan an kawo mana yaron ranga-ranga muke jin wannan labari.

Phenergan, wato promethazine, an haramta bai wa yaron da bai kai shekara 2 ba. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta liƙa masa gargaɗi mafi tsanani da take sa wa magani, saboda an sami yaran da numfashinsu ya yi ta raguwa cikin barci har suka rasu. Ɗanki yana cikin wannan rukuni. Babu wani awo "ɗan kaɗan" da za a ce ya kuɓuta, domin jikin yara bai ɗaukar maganin iri ɗaya: abin da ya sa ɗan maƙwabciyarki gyangyaɗi kawai, yana iya danne numfashin naki. Piriton kuma maganin ƙaiƙayi ne da atishawa, barcin da yake sawa illa ce ta gefe, ba aikinsa ba ne. Wasu yaran ma juya musu yake yi, maimakon barci sai zabura da fizge-fizge da kukan da ba ya jin rarrashi. A Ingila tun 2009 aka hana bai wa yara 'yan ƙasa da shekara 6 magungunan tari da mura na kanti masu ɗauke da irin waɗannan sinadarai. Mu kuwa a nan yaron kemis ne zai miƙo kwalba ya ce "cokali ɗaya ya isa, Hajiya," bai tambayi shekarun yaro ba, bai san nauyinsa ba, bai san ko yana da asma ba. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai. Wanda ba zai tsaya a gefen gadon yaron da dare ba in abu ya ɓaci, shi ne mafi saurin yanke awo.

Yanzu ki ɗora wannan a kan ranar da kuka tsara. Alƙahira a watan Agusta zafinta yakan kai digiri 35, wani lokaci ya doshi 40, kuma filin dala a Giza rairayi ne da dutse, inuwa ba ta da yawa. Waɗannan magunguna suna rage zufa, suna busar da baki, alhali da zufa jiki yake sanyaya kansa. Yaron da ke farke in ya ji ƙishi zai yi kuka, zai miƙa hannu ga gora, zai ja zaninki. Wanda aka bugar da magani ba zai yi ko ɗaya ba. Yana kwance a kekensa, an yafa masa mayafi don kare rana, zafi ya taru a ciki, kowa yana cewa "yau yaron nan ya yi hankali." Alamomin da muke dubawa na bugun zafi su ne kasala, yawan barci, wuyar tashi, da rashin fitsari. To ta yaya za ki bambance barcin magani da suman zafi, tunda ke da kanki kika sa shi barcin? Kukan nan da kike jin kunyarsa, shi kaɗai ne bakin da yaron yake da shi na gaya miki cewa wani abu ya same shi.

Kullum ina jin amsar nan ta "ai mun sha yi, ba abin da ya faru." Gaskiya ne, yawanci yaron yakan farka. Amma uwar da nata bai farka ba ba ta zuwa gidan suna ta ba da shawara, shi ya sa labarin waɗanda suka tsira kaɗai yake yawo. Haka aka yi ta ɗura wa yara maganin tari mai kodin da sunan su sami barci, alhali bai halatta ga yaro ɗan ƙasa da shekara 12 ba, har gwamnatin Najeriya ta hana haɗa shi da shigo da shi a 2018 saboda ɓarnar da ya yi. Kuma kada wani ya ce miki na gargajiya ko na ganye ba shi da illa. Duk abin da zai kwantar da lafiyayyen yaro da rana tsaka, ƙwaƙwalwarsa yake taɓawa.

Batun kunya kuwa, surukanki sun raini 'ya'ya, sun san kukan yaro tun kafin a haife ki. Da a ce za ki tambayi Hajiya ta zaɓa tsakanin jika mai rigima da jikan da aka bugar, kin san abin da za ta ce. Amana ce a hannunki, ba a sayen shiru da numfashin yaro.

Abin da zai rage rigimar shi ne gyara tsarin yinin, domin wuri uku a rana ɗaya ya yi wa wannan ayari yawa. Ku fita dala da sassafe, ku kasance a ƙofa lokacin buɗewa, ku bar wurin kafin hantsi ya yi zafi. Ku tafi da motar da za ta jira ku, kuma kada ku ce za ku zaga wurin a ƙafa, don tazarar da ke tsakanin dalolin ta fi yadda ake gani a hoto. Kada Baba da Hajiya da yaran su shiga cikin babbar dalar: hanyar ƙuntatacciya ce, a sunkuye ake hawa, ga zafi da ƙarancin iska, gwiwar Hajiya ba za ta ɗauka ba. Daga nan ku koma masauki a ci abinci, a yi azahar, yaran su yi barcinsu na gaskiya. Bayan la'asar sai Azhar, masallacin da aka fara ginawa a shekarar 970, yana da tsakar gida mai faɗi inda tsofaffi za su zauna su huta. Khan Halili tana tsallaken titi, kusa da masallacin Husaini, lungunanta matsattsu ne ga cunkoso, keken yaro wahala zai zame miki. Ki goya ƙaramin, babbar kuma a rubuta sunan masauki da lambar babanta a sa mata a aljihu, a kuma fayyace wanda ke riƙe da hannunta, domin yaro ya fi ɓacewa a inda manya suka yi yawa kowa yana zaton yana wurin wani. In sun gaji, a bar kasuwar wa matasa.

Kada ku ce ai mun saba da rana a gida. A gida da tsakar rana kowa inuwa yake nema, ba ya yawo a kan rairayi. Ruwan gora za ku sha, a riƙa bai wa yaran a kai a kai ba sai sun nema ba, ki kuma saka ƙunshin gishiri da sukari na ORS a jaka. Ki riƙa duba kunzugun ƙaramin; in ya yi awa 6 a bushe, ruwa ya yi masa kaɗan.

Tsofaffin ma a sa musu ido. Da yawa sukan ƙi shan ruwa, ko su ajiye maganin hawan jini, don kada fitsari ya dame su a hanya. Hajiya ta sha maganinta yadda ta saba, in akwai mai sa fitsari a ciki ta tambayi likitanta tun a gida ko za a sauya lokacin shansa. Baba kada ya sha maganin suga ya fita ba karin kumallo, tafiya tana saukar da suga. A riƙe dabino ko alewa da na'urar gwaji, in ya fara karkarwa ko gumi mai sanyi ko maganarsa ta rikice a ba shi nan take. In yana allurar insulin kada a bar ta a cikin mota. Ya sa takalmin da ya saba da shi, da dare a duba tafin ƙafarsa.

Sai ciwon gwiwar Hajiya: kada kowa ya saka tramadol a kaya. Masar tana tsananta hukunci a kansa, a 2017 ta yanke wa wata 'yar Ingila ɗaurin shekara 3 saboda ta shiga da shi. Kowane magani ya tafi a kwalinsa na asali tare da takardar likita, a jakar hannu. Ku tabbatar kowa yana da katin rigakafin shawara, har ƙaramin.

In yaro ko tsoho ya yi laushi, jikinsa ya yi zafi, yana wuyar tashi ko yana sambatu, a kai shi inuwa, a rage masa kaya, a jiƙa jikinsa da ruwa ana yi masa fifita, kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa komai a baki. Lambar motar asibiti a Masar 123 ce, ku sa ta a wayoyinku tun kafin ku tashi.