Ƙanwata, ba OSCE ɗin ce mai wuyar ba

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Naga saƙonki, kince kin gama makarantar nas a Birnin Kudu kina aiki a ƙaramin asibiti wajen Ringim, kina tambaya ko CBT (jarabawar kwamfuta) da OSCE (jarabawar gwada aiki a aikace) ne suka fi wahala kafin NMC, hukumar rijistar nas da ungozoma, ta yi miki rijista anan Ingila. Jarabawa kam in kin dage za ki ci insha Allah, ni abinda ya girgiza ni daban ne.

Watana na farko wani mutum ya tare ni a ƙofar ɗaki yana tambayar sakamakon gwajin matarsa, har na buɗe baki zan faɗa masa tunda mijinta ne ai, sai babbar nas ta ja ni gefe tace kul, sai da izinin matar, sirrinta nata ne ko miji ko uwar miji, kuma akan wannan kaɗai ana iya karɓe lasisin mutum. Ranar da ƙyar nayi bacci wallahi, sai tuno matan ƙauyenmu nake, mace tana naƙuda jini na zuba ana jiran maigida ya dawo daga kasuwar Maigatari yasa hannu kafin a shiga tiyata. Anan ita ke sa hannu, in tace a'a kuma da hankalinta to a'a ɗin ce. A 2015 ma kotun ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci akan wata mai ciki mai ciwon suga a Sikotland da ba'a faɗa mata haɗarin maƙalewar kafaɗar jariri wajen haihuwa ba, tun daga nan wajibi ne likita ya zayyana wa mara lafiya haɗarin da ya shafe shi.

Sai kuskure. Na taɓa makara da allurar wani dattijo, da bakina naje na faɗa masa na bashi haƙuri na rubuta a fayil, ba rufa-rufa, tun 2014 doka ce.

Kuma kar kice abin Turawa ne, dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ita ma ta hana a ƙi duba wanda aka kawo cikin gaggawa, tayi maganar sirri. Dan Allah tun yanzu a ranar awo ki riƙa jan labule ki tambayi matar da kanta, ko da 'yar rakiya na tsaye. Ki gaida min su Inna.