Bukkar maharba ba kowa a ciki, amma doka ta ce kar in matso: ya hukuncin yake?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni mazaunin jihar Bajiniya ne a Amurka, wani abokin aikina ya koya min harbin agwagin ruwa lokacin sanyi a kogin Rappahannock. To a nan mutum yana yankar lasisi ya kafa 'yar bukkar ɓuya a cikin ruwa, da zarar ya kafa shikenan ba wanda zai yi harbi a cikin yadi 500 daga wurin sai da izininsa, ko yana ciki ko baya ciki, kuma masu gidaje a bakin ruwa su ake fara ba wa dama kafin mu. Sau da yawa za ka ga bukkar tayi sati ba kowa. Ni kuma na san hadisi ya ce mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta. Shin wannan lasisin ba kwace haƙƙin jama'a bane? In na faki ido na shiga na harba ina da laifi wajen Allah? Naman fa, ya halatta?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa hadisin da ka kawo yana nan a Abu Dawud da Ibn Majah, kuma bari ma in ƙara maka wanda ya fi shi kusa da maganarka. An ce wa Annabi (SAW) ko a gina masa 'yar rumfa a Mina ta kare shi daga rana, ya ce a'a, Mina masaukin wanda ya riga zuwa ne. Ka ga gini kenan a wurin jama'a aka hana. Akwai kuma Abyad bin Hammal wanda aka yanka wa wurin gishiri a Ma'arib, da aka ce wa Annabi ai abin nan kamar ruwa ne mai ɓuɓɓuga wanda baya yankewa sai ya karɓe. Don haka asalin da ka tsaya a kai daidai ne, kogi ba a mallaka wa mutum ɗaya shi.

Amma fa duba da kyau me wannan lasisin ya ba mai bukkar. Bai ba shi ruwan ba. Kai kana wucewa da kwale-kwalenka ta wurin ba mai tare ka, agwagin da ke shawagi a sama ma ba nasa bane har sai ya harbo, kuma lasisin na lokaci ne yana ƙarewa sai an sabunta. Abin da aka ba shi kawai fifiko ne a kan amfani guda ɗaya a wuri guda na wani lokaci, wannan kuwa malamanmu sun san shi tun tuni, Mawardi ya yi maganarsa da sunan irfaƙi, kamar yadda hukuma ke tsara wa 'yan kasuwa wurin zama a fili, kai nan kai can, ba wanda ya mallaki ƙasar amma ba ka isa ka zo ka baje kayanka a gurbin wani ba don yau bai fito ba. A Sahihu Muslim ma wanda ya tashi daga mazauninsa ya dawo shi ya fi cancanta da shi. Mina kuwa wurin ibada ne da kowa ya zama dole ya sauka a kwanaki ƙididdigaggu, ba a kwatanta ta da kogi mai tsawo da za ka iya matsawa gaba.

Sannan shugaba yana da ikon taƙaita abin da yake halal in akwai maslaha. Annabi (SAW) ya keɓe makiyayar Naƙi'u saboda dawakai, Sayyidina Umar ya keɓe makiyayar Rabaza. Ko a gida ai mun saba, a Argungu ana hana kamun kifi a kogin Matan Fada har sai ranar da aka buɗe, kuma ban taɓa jin malamin da ya ce an saɓa wa hadisin tarayya ba.

Maslahar a nan ba ɓoyayya bace. Bindiga ce fa, da sanyin asuba, cikin hazo, harsashi mai watsuwa, mutane biyu a ɓoye kowa bai ga ɗan'uwansa ba. Yadi 500 ɗin nan kusan mita 457 ne, ana sa shi ne don kar a harbi juna kuma kar a yi ta rigima a tsakiyar ruwa kowa riƙe da makami. Kuma kai da ka ce bukkar ba kowa, ya aka yi ka tabbatar alhali sunanta maɓoya? Tsuntsayen su ma ba don doka ba da an ƙarar da su, lokacin da ake harbinsu don kasuwa sai da suka yi ƙasa sosai, shi ya kawo dokar 1918 ta kare tsuntsaye masu ƙaura, sai sitam ɗin agwagwa da maharba ke saya, wanda aka fara a 1934, wanda yanzu yake dala 25 kuma kusan duka kuɗin yana tafiya wajen saye da kare fadamun da tsuntsayen ke sauka, sai hana harsashin dalma a 1991 saboda agwagi na haɗiye shi suna mutuwa. Irin wannan kuɗin ba shi bane harajin zalunci da hadisi ya zarga.

In ka ce ai ba shugaban Musulmi bane ya kafa dokar, to kai da alkawari ka shiga ƙasar, kuma ranar da ka yanki lasisin farauta ka amince da sharuɗansa, Allah kuma ya ce a farkon Suratul Ma'ida ku cika alkawura. Saboda haka fakar ido ka shiga cikin iyakar bukkar wani ba izini bai halatta ba, akwai saɓa alkawari, akwai shiga haƙƙin wanda ya biya ya yi wahalar gini, ga jawo wa kanka tara da zubar da mutunci a banza.

Maganar fifita masu gidajen bakin ruwa kuwa, gaskiya ni ma tana min nauyi. Fiƙihu ya yarda cewa mai gida ya fi kowa haƙƙi da harabar gidansa, wannan ba gardama, ba wanda zai so a riƙa harbi a ƙofarsa da asuba. Amma mutum ya yanki lasisi ya kafa bukka ba don ya yi farauta ba sai don kawai ya kore mutane, wannan ɗabi'ar ba ta da kyau, kuma in Musulmi ne zan ce masa ya ji tsoron Allah. Da Umar ya naɗa Hunayyu kan makiyayar da ya keɓe cewa ya yi ka bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ka kiyayi dabbobin Ibn Auf da Ibn Affan, don su in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki. Wato mai ƙaramin ƙarfi ake fara dubawa. Sai dai gyaran wannan ba a cikin kwale-kwale ake yinsa da duhu ba, ka nemi izinin mai bukkar tunda dokar da kanta ta yarda da hakan, ko ka nemi naka gurbin in an buɗe wa sauran jama'a, ko ka je wuraren farauta na gwamnati, in kuma kana ganin tsarin da tauye haƙƙi ka rubuta wa hukumar namun dajin jihar.

Nama kuma hukuncinsa daban. Agwagwa duk da tana ruwa ba kifi bace, dole a cika sharuɗan farauta. Ka yi bismillah lokacin da za ka danna kunama, harsashi ya huda ya fitar da jini, malamanmu Malikawa da suka zo daga baya sun halatta abin da bindiga ta kashe a kan haka. In ka same ta da sauran rai ka yanka nan take, shi yasa wuƙa ta kasance a aljihunka ba a mota ba. Wurin da mutane ke sakaci shi ne na faɗawa ruwa, Annabi ya ce wa Adiyyu bin Hatim in ka same ta ta nutse kar ka ci, don ba ka sani ba ruwa ne ya kashe ta ko kibiyarka. To in harbin ya sami makasa, kai ko ƙirji, yadda ba za ta rayu ba ko da a tudu ta faɗi, ka ci. In fiffike kawai ka karya ta faɗa ruwa ka tarar da ita a mace, ka bar ta. Wanda ka riga ka harba a cikin iyakar wani a baya in sharuɗan nan sun cika ba mushe bane, laifin yana wajen shigar, sai ka yi istigfari kar ka koma.

Wallahu a'alam.