Hilux ta hannu don zirga-zirgar kasuwannin ƙauye: a duba ƙasanta kafin samanta

Wani ɗan kasuwar hatsi daga Daura ya aiko da tambaya. Yana sayen gero da wake a ƙauyukan Zango, Baure da Sandamu, yana kai wa Mai'aduwa da Katsina, kuma kuɗin shatar mota ya ishe shi. An yi masa tallar Hilux ta hannu mai jan taya huɗu, fenti sumul, dillali kuma na matsa masa ya ba da kafin alƙalami. Me zai duba kafin ya biya?

Alhaji, kada ka ba da ko sisi tukuna. Fara da takardu, domin motar da kwastan suka riƙe a shingen hanyar Daura zuwa Kano ba ta kawo riba, komai lafiyar injinta. A ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, mu kuma a bakin iyaka muke, ga Kongolam ga Jibiya, saboda haka motar da ta shigo ta ɓarauniyar hanya da takardun bogi ba baƙuwa ba ce a nan. Karɓi takardar biyan kuɗin kwastan, ka kai ta ofishinsu na Katsina da ƙafarka a tantance, kada ka aiki dillalin. Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce a motocin zamani. Karanta ta ɗaya bayan ɗaya a wuri uku: a takarda, a ɗan allon ƙarfen da kamfani ya maƙala a jikin mota, da inda aka buga ta a jikin ƙarfen shasin kansa. In ka ga alamar goga ko walda ko sabon fenti a daidai wurin lambar kaɗai, ka haƙura da motar. In an ce ta gwamnati ce ko ta wata ƙungiya, sai an nuna maka takardar gwanjo. Sunan da ke kan takardar mallaka kuma ya dace da na mai sayarwa, ko a kawo shaidar yadda ta zo hannunsa. Motar da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu, ba ma ba da shawarar a saye ta don hanyar daji.

Idan takardu sun tsaya, nemi bakanikenka, wanda kai za ka biya shi ladan dubawa, ba wanda mai mota ya kawo ba. Ku je da sassafe, ka kuma roƙa kada a tayar da motar kafin ku iso. Taɓa injin da hannu ka tabbatar da sanyi yake, domin inji mai ɗumi yana ɓoye ƙara da hayaƙi da wahalar tashi. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: fitilun gargaɗi na mai, batir da inji su kama duka, sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, wataƙila cire ƙwanta aka yi. Sai ka koma bayan salansa. Hayaƙi shuɗi yana nufin tana shan baƙin mai, ringi sun gaji. Fari mai kauri da bai yanke ba bayan inji ya ɗumama, ruwa ne ke shiga, gasket ko kan injin ya samu matsala. Baƙi a motar gas, wato mai shan dizal, galibi nozul ne ko matatar iska da ta toshe. Buɗe murfin baƙin mai tana aiki: ɗan huci ba komai, amma in tana feso hayaƙi da ƙarfi, aikin inji na jiranka. Dubi lagireto tun da sanyi, kada a buɗe shi da zafi. Kumfa mai tasowa ba fasawa ko maiƙo a saman ruwa alamar ta taɓa yin zafi ce.

Akwai abin da mutanenmu ke mantawa, alhali shi ne ke kashe injuna a ƙasar nan. Ciro matatar iska, ka zura yatsa cikin bututun da ke bayanta, wanda ke tafiya zuwa inji. Ya kamata yatsan ya fito tas. In ya fito da ƙura, to injin ya daɗe yana shaƙar ƙurar hunturu da ta burji, kuma ita ce ke cinye ringi da silinda a hankali.

Tambayi irin injin, don lissafinka ya rataya a kansa. Hilux mai injin fetur lita 2.7, wato samfurin 2TR, sarƙar taimin gare ta maimakon bel, makanikai sun san ta, kayanta na samuwa a Katsina da Kano, sai dai tana shan mai in an yi mata lodi a yashi. Masu gas na 2KD da 1KD sun fi ƙarfin ja da tattalin mai, amma nozul da famfonsu ba sa jure gurɓataccen gas na bakin hanya, gyaransu kuma da tsada. Tsohon 5L ya fi haƙuri, sai dai ba shi da kuzari. Duka masu gas ɗin nan uku bel na taimin gare su, kuma in ya tsinke ana tafiya ɓarnar na iya kai wa ga balob da fistin. Kada ka yarda da kilomitan da agogo ya nuna, ana mayar da shi baya. Robar feda, kujerar direba da sitiyari sun fi shi faɗin gaskiya.

Yanzu sai inda kuɗinka yake. Abin da ya sa Hilux ta fi ƙaramar a-kori-kura tsada shi ne giyar taimako, wadda ke sa tayoyi huɗu su ja tare, kuma ita ce aka fi sayar wa mutane a mace, saboda a kan kwalta ba a gane ta. A hau da motar kan rami. Da farko tabbatar farfelar gaba, sandar ƙarfen da ke kai juyi daga akwatin taimako zuwa aksul na gaba, tana nan, don akwai masu cire ta in ta fara ƙara su yi shiru. Kama kowace farfela ka girgiza, kada ka ji ta tana ƙwal-ƙwal. Dubi robobin da ke rufe gaɓoɓin aksul na gaba: in sun yage, yashi ya shiga ya gauraya da giris, gaɓar ta kusa tafiya. A kwance ƙusar man aksul na gaba da na baya da na akwatin taimako a ga man. In ya yi fari kamar koko, ta shiga ruwa a rafi ba a canza ba. Ƙusar zubar da man tana da maganaɗisu: laushin garin ƙarfe kaɗan ba laifi, amma ɓarɓashin da za ka ji a yatsa haƙoran giya ne ke karyewa.

Kana nan a ramin, haska shasi da tocila daga gaba har baya, musamman tsakanin kan mota da bodi, da inda sifirin na baya suka kama. Nan ne lodi ke tsaga shi. Ƙarfen da aka ɗora aka yi wa walda, ko baƙin fenti mai kauri da aka shafa a wuri guda, abin tambaya ne. Ka fito ka tsaya gefe: tazarar da ke tsakanin kan mota da bodi ta zama daidai sama da ƙasa, hagu da dama. In an ƙara ganyen sifirin, ka san an daɗe ana ɗora mata fiye da ƙima. Inji ana sauke shi a sa wani, amma shasin da ya lanƙwashe zai ci maka taya har ranar da ka rabu da motar.

Daga nan ku fita bayan gari inda akwai rairayi. In tayoyin gaba na da makullin hannu, a juya shi daga FREE zuwa LOCK. Sa 4H, wato taimako mai gudu, mutum ɗaya ya tsaya a waje ya ga tayoyin gaba na watsa yashi da idonsa, domin fitilar gaban direba na iya kamawa alhali ba abin da ya haɗu. Sai a tsaya cak, a taka kuloci, a sa 4L, wato taimako mai ƙarfi: ta ja a hankali da ƙarfi, giyar kuma kada ta fice da kanta. Juya sitiyari har ƙarshe kana tafiya sannu, ƙas-ƙas daga gaba gaɓar aksul ce. Kada a yi wannan gwajin a kan kwalta, yana ɗaure giyar. A cire taimakon, a hau titi, a kai gudun kilomita 60 zuwa 80, a saki totur a sake takawa. Kukan da ke tashi da sauka tare da totur na aksul ne, wanda ke bin gudun taya kuma boris ne. Idonka na kan allurar zafi duk tsawon tafiyar, da na'urar sanyi a kunne.

Taya na da lambobi huɗu a gefe: 2321 na nufin mako na 23 na 2021. Hukumar kiyaye haɗurra tana ɗaukar shekara huɗu a matsayin wa'adinta, saboda haka tsofaffin tayoyi kuɗi ne da za ka rage a ciniki.

Ta ɓangaren jari, mun fi damuwa da kai fiye da motar. Hilux ba ta wuce ɗaukar kimanin tan ɗaya ba, har da direba da yaran mota, mai ƙofa huɗu ma ba ta kai haka ba. Da buhu mai kilo 100, kana maganar buhu takwas zuwa tara ne a sahu. Lissafa da wannan, ba da abin da direbobi ke labtawa ba. Rubuta abin da shata ke ci maka a shekara, ka ajiye shi gefe da kuɗin mai, direba, taya, juye, takardu da faɗuwar darajar motar. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, mai ne ke yanke hukunci a wannan lissafin. In motar za ta yi aiki ne kawai daga kaka zuwa ƙarshen rani, sai ka san lodin da za ta riƙa yi wa wasu a sauran watannin. Kuma kada kuɗinta ya fito daga jarin sayen hatsi, ka wayi gari ga mota ba abin ɗorawa.

Ware aƙalla kashi 20 cikin 100 na abin da ka tanada don gyaran farko, wato ka nemi motar da ba ta wuce sauran 80 ɗin ba. Duk lahanin da bakanike ya gano, a je kasuwar kayan gyara a ji farashinsa, a cire daga tayi. A daidaita la'adar dillali tun kafin a buɗe ciniki. Ka biya ta banki zuwa asusun mai sunan da ke kan takarda, a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar shasi da ta inji, shaidu biyu su sa hannu, a haɗa da hoton katin shaidarsa, ka kuma sauya mallaka zuwa sunanka ba da jinkiri ba. A makon farko, kafin ta ɗauki buhu ko ɗaya, a juye baƙin mai da man giya da na aksul biyu da na taimako, a sa sababbin matatu, in mai gas ce a canza bel na taimin ko da an rantse maka sabo ne.