Ku Tambaya, Mu Amsa: Wane Ido Mai Faɗi Ya Dace Da Kamarata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Sana'ata ɗaukar hoton biki da suna. Kamarata Canon 700D ce, da idon da ta zo da shi, 18-55. Damuwata ɗakin amarya: sai in ja baya har in jingina da bango, amma gado da kabad da jere ba sa shiga hoto ɗaya. An yi mini tayin Canon 17-40 na hannu, an ce ido ne mai faɗi na ƙwararru. In saya?
Isufu, unguwar Birni, Damagaram

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Isufu. Riƙe kuɗinka tukuna. Idon nan 17-40 mai kyau ne, amma ba don kamararka aka ƙera shi ba, kuma in ka ɗaura shi za ka tarar ɗakin bai ƙara faɗi da komai ba.

Ga dalili. Lambar da ke jikin idon kamara, wanda wasu ke ce wa objektif, milimita ce, kuma iya ƙanƙantarta iya faɗin abin da ido zai kwaso. Sai dai lambar ba ta aiki ita kaɗai, tare take tafiya da girman farantin da ke karɓar haske a cikin kamara. Manyan kamarori irin su Canon 5D da 6D farantinsu milimita 36 ne a kwance, 24 a tsaye. Na 700D kuwa wajen milimita 22 ne a kwance, wato tsakiyar hoton kawai yake ɗauka, gefe da gefe ya zube. Shi ya sa a ƙananan Canon ake ninka lambar da 1.6, a Nikon da Sony da 1.5. Idonka na 18 yana gani kamar 29 a babbar kamara. Wancan na 17 zai gani kamar 27. Tazarar ba ta kai a fitar da ko jika ɗaya a kanta ba.

Mu auna da ɗaki. In tsakaninka da bangon da jere yake mita 3 ne, a kan 18 za ka kwashi faɗin mita 3.7. A kan 10, daga wannan wurin da kake tsaye, mita 6.7 za ka kwasa. Abin da kake nema ke nan: ido mai farawa daga 10 ko 11.

Biyu ne za mu nuna maka. Na farko Canon EF-S 10-18, wanda ya fito a 2014. Nauyinsa giram 240, yana da na'urar hana rawar hannu, kuma kuɗinsa da sauƙi. Rauninsa ƙofar haske: daga f/4.5 take farawa. Na biyu Tokina 11-16 mai f/2.8, wanda ke shigar da haske ninki biyu da rabi na wancan, amma ya fi nauyi kuma ba ya son rana ta fuskance shi. In kayan ɗaki kake ɗauka, ba sa motsi, 10-18 ya wadatar, ko a 1/15 na daƙiƙa hoto zai fita garau. In kuwa mata na guɗa da rawa a tsakar gida bayan isha'i, na'urar hana rawar hannu ba ta tsayar da mai rawa, kana buƙatar 1/125 na daƙiƙa ko abin da ya fi haka sauri, nan Tokina ya fi.

Ka kula da filas ɗin da ke kan kamara. Ido mai faɗi yana tare haskensa, sai ka ga baƙar inuwa kamar rabin faifai a ƙasan hoto. Cire hular idon yana ragewa, amma maganin shi ne filas na ɗaurawa, ka ɗaga kansa ya daki rufin ɗaki, hasken ya dawo ya bazu. Sannan ka sani, duk idon da aka rubuta wa EF-S ba ya hawa 5D ko 6D, in kana da niyyar sauya kamara nan gaba.

Tambaya: Na ari ido mai 10-20 na ɗauki hoton taron ƙungiyarmu ta mata. Waɗanda ke gefe sun fito da faɗin fuska da ƙiba, har wata ta yi fushi. Na ɗauki ƙofar fadar Sarkin Damagaram, ita ma ta fito kamar za ta kwanta baya. Idon ne ya lalace?
Hajiya Rabi, Zango

Amsa: Hajiya, idon lafiya lau yake, halinsa ne haka. Yana kwaso fili mai faɗi ya shimfiɗa shi a kan faranti miƙaƙƙe, don haka abin da ke can gefe dole ya ja. Bango ko ƙasa in sun ja ba mai lura, amma fuskar mutum ko kaɗan ta sauya mai ita zai gani. Hoton jama'a a fili, ki ja baya ki ɗauka a kan 24 zuwa 35. In wuri ya matse ba yadda za ki yi, ki jera su sahu biyu ko uku a tsakiya, ki bar kamar kashi ɗaya cikin biyar na hoton a kowane gefe ba kowa, kamara kuma ta tsaya daidai ƙirjinsu.

Kwanciyar gini kuwa daga ɗaga bakin kamara take. Da zarar kin ɗaga shi sama don ki kamo zankwaye, layukan da ke tsaye sai su nufi juna. Ki riƙe kamarar a miƙe, bayanta ya yi daidai da fuskar ginin, ko da ƙasa ta cinye rabin hoton, daga baya ki yanke. Ko ki samu tudu ki hau.

Inda idon nan yake nuna bajinta shi ne kusa. A lungunan Birni, ki matsa har mita 1 daga zanen bango, ki sa f/8 a kan 10, ki saita gani a nan: daga kamar santimita 40 har ƙarshen lungu komai zai fito tas, zanen ya cika gaba, hanya ta miƙe a bayansa. Ranar hawan salla kuwa kada ki dogara da shi, doki in bai zo dab da ke ba sai ya fito kamar akuya, matsawa dab da shi kuma haɗari ne.

In za ki sayi naki, kuma Nikon ce da ke, ki duba haruffa. Nikon AF-P 10-20 na 2017 ba ya aiki da D3100, D3200, D5100, D90 da D7000. Tokina 11-16 na farko mai hawa Nikon kuma ba shi da motar saita gani a cikinsa, sai mai lamba II ne ke saita kansa a ƙananan Nikon.

Tambaya: Me zan duba a ido na hannu kafin in biya?
Mamman, Mirya

Amsa: Ka tafi da kamararka, Malam Mamman, kada ka yarda da gwaji a ta mai kaya. Cire murfi biyun, haska fitilar waya ta baya ka leƙa ta gaba. Ɗan ƙura ba komai ba ne. Abin gudu shi ne zare-zare kamar saƙar gizo, funfuna ce, takan kama idon da ya zauna a garuruwan bakin teku masu laima, kuma yaɗuwa take. Karce a gilashin baya ya fi na gaba illa. Murza zoben zum daga farko zuwa ƙarshe, in ka ji ƙaras-ƙaras yashi ya shiga. Sai ka tsaya daidai gaban bangon bulo, ka buɗe ƙofar haske duka, ka ɗauka, ka zuƙo kusurwa huɗun ɗaya bayan ɗaya. In ɗaya ta fi sauran dushewa, gilashinsa ya goce, wataƙila idon ya taɓa faɗuwa, kuma gyaransa ba na bakin kasuwa ba ne.

In ya tsallake, ka sa masa gilashin kariya saboda hazon hunturu, milimita 67 ga Canon 10-18, 77 ga Tokina. Ka nemi mai siririn zobe, mai kauri yana baƙanta kusurwoyi a kan 10. Kafin ka goge gilashi ka hure ƙurar da robar hura iska, don gogewa da bakin riga a kan yashi ita ke cinye rufin gilashin.