Haikalin Ramappa zai rushe ne? Me ya hana a zuba masa siminti?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Haidarabad ta ƙasar Indiya. Mun je Warangal, muka ƙarasa Ramappa. Na ga daɓen ya lotsa, duwatsu sun ɗaga, wasu sun tsage. Hankalina ya tashi. Me ya sa gwamnati ba za ta zuba kankare ta huta ba, kafin ginin ya faɗo wa mutane?

Amsa: Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Lotsawar nan ta girme mu duka. Recharla Rudra, sarkin yaƙin Sarki Ganapati Deva na daular Kakatiya, shi ya sa aka yi ginin, kuma rubutun dutsen da ke harabar yana ɗauke da shekarar 1213. Warangal, babban birnin daular, ta faɗi a hannun rundunar Delhi a 1323, ginin bai faɗi ba. Yau yana ƙauyen Palampet a gundumar Mulugu, wadda aka yanko daga tsohuwar Warangal, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2021.

Maganar siminti ce ke ci mini tuwo a ƙwarya, don kullum sai an yi ta, har da masu takardar injiniya. Maginan Kakatiya rami suka haƙa, suka cika shi da yashi haɗe da farar ƙasa da mazarƙwaila da 'ya'yan itacen karakkaya, sannan suka ɗora gini a kai. In ƙasa ta motsa, yashin ne ke shanye jijjigar. Jajayen duwatsun jera su aka yi, kowanne na riƙe da ɗan'uwansa, suna da wurin motsi. Hasumiyar sama kuwa da jan bulo mara nauyi aka yi ta, wanda in ka jefa shi a ruwa ba ya nutsewa. Don haka daɓe ya lanƙwashe, ginshiƙai da rufi suka tsaya.

To, ka zuba kankare a nan, me ka yi? Ka ɗaure abin da aka gina don ya motsa, sai tsagar ta koma jikin dutsen kansa. Siminti ya fi dutsen yashi tauri, ba ya barin danshi ya fita, ga gishiri a cikinsa. Ruwan damina ya shiga ta baya ya rasa mafita, gishirin ya daskare a ƙofofin dutse, fuskar sassaƙa ta fara ɓarewa. Duk wanda ya taɓa ganin katangar ƙasa da aka yi wa filasta da siminti ya san ƙarshenta: waje sumul, ciki ya ruɓe. A rufi kuwa abin ya fi muni, nauyi ka ƙara wa ginshiƙan da ba a yi su don shi ba. Simintin ba ya ciruwa kuma, sai ya tafi da naman dutse. Ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ɓarnar ba za ta fito ba sai bayan shekaru.

Abin tsoro na gaske ruwa ne da ke zarar yashin harsashi, sai saiwar itace, sai masu haƙa da dare suna neman zinariyar da wani boka ya ce an binne. Gyaran ƙwarai shi ne a gyara magudana, a sa wa kowane dutse lamba, a sauke, a daidaita harsashi, a mayar da shi mazauninsa, a cike da farar ƙasa. Haka aka yi wa zauren haikalin Ginshiƙi Dubu na Hanamkonda, ginin 1163, sai dai jan ƙafar ofis da rashin sakin kuɗi sun sa duwatsun suka yi shekara da shekaru a zube, ba a buɗe shi ba sai 2024.

In ka ga ana sabon gini cikin mita 100 daga harabar, doka ta hana, ka kai ƙara ofishin ASI, hukumar da ke kula da wurin.